Mashayiyar Gidan Alhaji Yaou

A gidan Alhaji Yaou da ke Titirou, cikin garin Parakou, babu mai shan taba. Magana ce da aka yanke tun shekarar da guntun sigarin wani direba ya cinye wa Alhaji babbar mota cike da auduga a hanyar Kwatano. Ran nan Alhaji ya miƙe a masallacin ƙofar gidansa, ya yi rantsuwa a gaban sahu uku cewa duk wanda ya kunna taba, direbansa ne ko ɗan cikinsa, ba zai ƙara kwana ƙarƙashin rufinsa ba. To shi ke nan, babu mai sha. Wari ne kawai yake bin surukar gidan duk inda ta sa ƙafa.

Sunanta Zoulaïha, 'yar Djougou ce, tana ɗauke da cikin fari wata biyar. Mijinta Mourtala shi ne autan Alhaji, shi kaɗai ne kuma namiji, shi ke kiran salla duk ranar da ladan ya makara. Yaro ne mai kunya, wannan kam a ba shi abinsa. Kunya ce ta hana shi shan taba a titi. Ita ce ta hana shi sha a garejin motocin ubansa. Saboda tsabar kunyar nan, wuri ɗaya ya rage masa a duk faɗin Parakou, shi ne ɗakin matarsa.

Kullum da midi, wato tsakar rana, in ya dawo cin abinci, sai ya tura ƙofa ya sa sakata, ya rufe taga, ya ɗauki zanin Zoulaïha ya toshe ƙasan ƙofa, sannan ya zauna bakin gado ya rama duk wadda bai sha ba tun safe. Huɗu a jere, wata rana biyar.

"Malam, a ɗan buɗe taga mana. Zuciyata tashi take yi," in ji Zoulaïha.

"Wace taga? Mai kallon ɗakin Baba? Haba Zoulaïha, ina tarbiyyarki? So kike in busa wa mahaifina hayaƙi?"

"To bari in fita tsakar gida."

"In kin fita Inna ta ce mun yi faɗa. Zauna abinki. Ai ni nake sha, ke naki ido ne."

Haka za ta zauna, ido na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, har ɗakin ya zama ba ta ganin agogon bango sosai. In ya gama sai ya shiga wanka, ya tauna kanumfari, ya je ɗakin uwarsa Hajiya Fatchima ya sa wankakkun kaya. Can ake ajiye masa su, don Hajiya ta ce tufafin Auta ba sa son zafin ɗakin samari. Ba ta taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba. Mourtala zai fita fes, ƙamshi na tashi, mutane na cewa masha Allah. Warin kuwa ya zauna a kitson Zoulaïha, da mayafinta, da matashin kanta.

Ranar awon ciki Hajiya ce ta raka ta matanite, asibitin haihuwa. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibitin, wata Madam Saratou ce, gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ta iya zagaye magana ba. Ta ɗora awo a kan cikin, ta duba karne, wato katin awonta, ta sake aunawa. Sai ta sunkuya ta shinshini mayafin Zoulaïha.

"Cikin nan bai kai yadda ya kamata ba. Wa ke shan taba a gidanku?"

Zoulaïha ta buɗe baki. Kafin harshenta ya motsa, babban yatsan ƙafar Hajiya ya sauka a kan nata, ya danna.

"Mazan gidanmu? Subhanallahi!" in ji Hajiya, tana dafe ƙirji. "Madam, gidan Alhaji Yaou fa."

"To ke ce kike sha?" Madam Saratou ta tambayi Zoulaïha.

Yatsan ya ƙara dannawa. Hajiya ta yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta uwar da asirinta ya tonu.

"Kwaɗayin ciki ne, Madam. Wata ƙasa take ci, wata gawayi. Tamu kuma Allah ya jarabce ta da wannan. Muna dai addu'a."

Innalillahi! Zoulaïha ta juyo ta dubi surukarta, ta ga har ƙwalla ta kawo. Wallahi da a ce ba ita ake wa ƙazafin ba, da ta tausaya wa tsohuwar.

Madam Saratou ta rubuta tabac, wato taba, da jan biro a karnen, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta cire tabarau ta ce, "Saurara da kyau, ƙanwata. Hayaƙin nan yana matse hanyar da abinci da iska ke bi su isa wurin ɗanki. Shi ya sa ba ya girma. In aka ci gaba, yana iya zuwa kafin lokacinsa, yana iya zuwa babu rai. Kuma ko ba ke kika kunna ba, in kina zaune inda ake sha, ku biyu kuke sha. Kin ji ni?"

"Ai in tana sha ba mai kusantarta," in ji Hajiya. "Muna kiyayewa."

Da suka fito bakin titi suna jiran zem, babur ɗin haya, Zoulaïha ta kasa haɗiye abin.

"Inna, kin san fa ba ni ba ce."

"Na san me? Ni ban ga komai ba." Hajiya ta gyara lulluɓi, ta rage murya. "Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. In aka ce ke ce, ciki ne, kina haihuwa magana ta wuce. In aka ce shi ne, ina zai kwana? Ke ma ina za ki kwana? Aurenki nake rufa wa asiri, ko godiya babu."

"Madam ta ce yaron ba ya girma."

"Gara ma. Ƙaramin ɗa ya fi sauƙin haihuwa."

Kafin la'asar labari ya gama Titirou, don matanite ba ta da rufi in dai maganar mutane ce. Mata suka riƙa shigowa aron turmi, aron rariya, aron abin da suke da irinsa biyu a gida, don dai su ga matar da ke zuƙar sigari. Mai shagon bakin layi in ya hango ta sai ya jefa tsumma a kan kwalayen tabarsa. Wata tsohuwa ta tsayar da ita ta tambaye ta da gaske ko ta hanci take fitarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: a ranar aka ba Mourtala jan salla, don liman ya yi tafiya.

Washegari Alhaji Yaou ya kira taro a zaure. Dogon mutum ne, mutumin Nijar, shekara arba'in a Parakou ba su canja masa harshe ba. Zoulaïha ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta tabbata yau korarta za a yi, har ta ji wani ɗan sanyi a ranta.

"Ɗiyata, na ji abin da ya faru," in ji Alhaji. "Na kai maganar ga malamai. Sun duba rantsuwata, sun ce direba na ambata da ɗan cikina, ban ambaci suruka ba. Saboda haka kina nan, ba inda za ki. Amma wanga abu sai mun yaƙe shi." Ya juya wurin ɗansa. "Mourtala, daga yau kai ne mai gadinta. Da midi ka shiga ɗaki da ita, ka kulle ƙofa, ka sa mata ido. Ko taga kada ka bari a buɗe, kada a miƙo mata ta nan."

"To, Baba. Allah ya ba ni iko," in ji Mourtala, kansa a ƙasa.

Aka karɓe wayarta kuma, kada ta aika a sayo mata. Mai gadi ya kama aiki da himma. Da can da fargaba yake sha, yanzu da izinin hukuma ƙofar ke kulle, sai ya ƙara zama na biyu bayan la'asar.

Da cikin ya shiga wata bakwai, uwar Zoulaïha ta aiko daga Djougou a kawo mata 'yarta goyon ciki, kamar yadda ake wa kowace mai haihuwar fari. Zoulaïha ta ɗaure kayanta tun kafin a ce mata komai. Kwana uku ƙullin na bayan ƙofa. A na huɗu Hajiya ta shigo ta kwance shi da hannunta.

"Mu mayar musu da 'ya da wannan hali? Su ce a gidanmu kika koya? Na gaya wa uwarki lokotoron asibiti ya hana ki tafiya."

Gaskiyar maganar, wadda ba wanda ya furta, ita ce: in Zoulaïha ta tafi wata uku kuma wari bai tafi ba, na wa za a ce ne?

Amma dai ta je Djougou. Alhaji ne ya ce ba zai zauna ya zuba ido ba, a kai ta wurin yayar Hajiya, Gwoggo Kadidjatou, wadda aka ce ta raba direbobi da yawa da sigari. Matar da lokotoro ya hana tafiya aka ɗora a bayan mota, aka yi ta gwara ta da ramuka fiye da awa biyu. Da suka shiga gari motar ta bi ta bakin lungun gidansu. Ta hango bishiyar mangwaron ƙofar gida, ta hango igiyar shanya da zanin uwarta a kai.

"Inna, ko gaisawa ce, minti biyar."

"Sunkuyar da kanki kada a gan ki. Kin manta ba ki da lafiyar tafiya?"

Gidan Gwoggo Kadidjatou tsohon gidan fatake ne, tun na kakanni masu safarar goro daga Gwanja. Huhunan goro jingine a zaure, ita kuma tana zaune a kan tabarma da gwangwanaye a gabanta, haƙoranta ja wur. Ta dubi Zoulaïha sama da ƙasa.

"Kara nawa kike sha a yini?"

Zoulaïha ta ga tsohuwa ce, ta ga kuma nan garinsu ne, sai ta yi ƙarfin hali. "Gwoggo, wallahi tallahi ban taɓa sa taba a bakina ba."

"Madalla. Haka dukansu suke cewa. Wannan ita ce alama ta farko." Gwoggo ta buɗe gwangwani. Garin taba ne da kanwa, baƙi ƙirin, warinsa kaɗai ya isa ya sa mutum atishawa. "Ta baka ita ke korar ta hayaƙi. Ba sa zama jiki ɗaya, kishi suke. Kakanninmu da wannan suka je Gwanja a ƙasa suka dawo, ba wanda ya yi ko tari. Buɗe bakinki."

Zoulaïha ta dubi Hajiya. Hajiya ta san sarai babu wata ta hayaƙi da za a kora, amma sai ta kama kallon huhun goro kamar yau ta fara ganin irinsa. Gwoggo ta ɗebo da yatsa biyu ta cusa mata a ƙasan leɓe.

Ba a yi minti biyar ba ƙasa ta fara juyawa. Gumi ya keto mata, zuciyarta na bugawa kamar ana daka a ƙirjinta, ta rarrafa bakin kwata ta amayar da duk abin da ta ci tun safe. Ɗan cikinta ya yi wata irin zabura, sannan ya lafa.

"Kun gani ko?" in ji Gwoggo da murna. "Tsohuwar ce ke fita. Ta daɗe a jikinta, wannan. Sau uku a yini, bayan abinci, har ta haihu."

Da suka dawo Parakou Hajiya ta ɗan yi abin kirki, a faɗi gaskiya: ta ce mata a ɓoye ta riƙa sa kaɗan, don idon Alhaji kawai. Sai dai Alhaji mutum ne mai bin diddigi, wanda ko tayar mota ba a canjawa sai yana tsaye. Gwangwanin a aljihunsa yake. Bayan kowane abinci zai kira ta zaure, Hajiya ta ɗiba yana kallo, in ya ga ya yi kaɗan ya ce a ƙara, lafiyar jikansa yake nema. Daga zaure kuma ta wuce hannun mai gadi.

Ta rame, wuya ya fito. Abinci ba ya zama. Da can yaron in ya fara harbi har zani ke motsi. Yanzu sai ta kwanta ta dafa cikin da hannu biyu tana roƙonsa, sannan ta ji ɗan motsi kamar na kifi a ƙasan randa. Abin da ya fi ba ta tsoro kuma ya zo a sati na uku. Alhaji ya makara a gareji, lokacin magani ya wuce, sai ta ji kanta na sarawa, ranta na ɓaci, idonta na leƙen zaure. Nema take yi. Ita Zoulaïha, da ko goro ba ta ci! Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, don ƙaryar da aka yi mata ta fara zama gaskiya.

Ran nan da midi ta kamo hannun mijinta ta ɗora a cikinta.

"Malam, ji. Ba ya motsi kamar da. Don girman Allah ka bari, ko na wata biyun nan ne."

Mourtala ya saurara, sigari a ɗaya hannun. "Natsuwa ce. Ni ya gado, Inna ta ce haka na yi a ciki." Ya zuƙa, ya kawar da kai gefe ya busa, don shi mutum ne mai tausayi. "Bayan suna zan daina, na yi niyya. Ke kin san irin nauyin da ke kaina? Gari duk ana nuna ni, ana cewa ga mijin mai shan taba. Ba dole in ƙara ba?"

Cikin bai cika wata takwas ba, ranar wata Talata, ƙofa na kulle, Mourtala na kan kara na uku, faya ta fashe. Zoulaïha ta dafa bango ta ce, "Malam, buɗe ƙofa. Haihuwa ce."

"Yanzu? Kai! Dakata, dakata." Ya kashe tabar, ya ɗauki faifai ya hau fifita ɗakin. "In na buɗe haka mata za su cika ɗakin nan. Riƙe shi kaɗan."

"Ba ya riƙuwa! Wayyo Allah, buɗe!"

Ya kunna turaren wuta. Ya tattara guntaye ya ƙulle a leda. Ya kuskure baki, ya nemi kanumfari ya rasa, ya zazzage aljihu uku kafin ya samu. Tana durƙushe tana cizon matashi, jini na bin ƙafarta, shi kuwa yana shinshina rigarsa yana tambayarta ko ana ji. Sai da ya gamsu sannan ya zare sakata, ya fita da gudu yana salati, unguwa ta shaida irin ruɗewar miji mai son matarsa.

Namiji ne, kilo ɗaya da rabi. Bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama da shi. Tafin hannun Madam Saratou ya rufe bayansa gaba ɗaya. Aka sa shi a kwalba da robar iska a hanci, aka yanka ragon suna a Titirou ba shi ba uwarsa, aka ce masa Abdoulaziz.

Kwana ashirin da uku suka yi a asibitin. Kwanakin farko Zoulaïha ta sha azabar rashin garin Gwoggo, don Madam Saratou ta karɓe gwangwanin da Alhaji ya aiko da shi ta juye a masai. Daga baya kai ya sake ta. Aka fito da yaron daga kwalba aka koya mata ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, yini da kwana. Tana jin numfashinsa a jikinta, ɗan siriri, da wani ƙaramin fito a ƙarshensa.

Wata safiya Madam Saratou ta zauna bakin gadonta. "Sati uku kina nan, ban ji warin sigari a jikinki ba, ban ga kin nema ba. Amma duk ranar da mijinki ya zo dubiya, ɗakin nan kanumfari yake yi. Faɗa mini."

Ta faɗa mata, tun daga zanin toshe ƙofa har faifai. Madam Saratou ta goge tabarau, ta ce wani abu da Faransanci wanda ba na maimaitawa ba ne.

"Ni abin da yaro ke bukata zan iya faɗa musu," in ji ta. "Sauran, bakinki ne zai faɗa."

Ranar sallama Alhaji ya zo da kansa, da Hajiya, da Mourtala cikin farar shadda. Aka ba Alhaji kujera a baranda. Madam Saratou ta tsaya a gabansu.

"Yaron nan ƙirjinsa bai yi ƙwari ba. Hayaƙi kaɗan yana iya tsayar masa da numfashi yana barci. Mai shan taba kada ya kwana ɗaki ɗaya da shi, kada ya ɗauke shi da kayan da ya sha taba a ciki." Duk maganar nan idonta na kan Mourtala, shi kuwa yana gyaɗa kai yana duban matarsa da takaici.

"Magana ta fito," in ji Alhaji. "Tunda haka ne, jariri shi zauna wurin ubanshi. Mourtala, ɗakinku ya zama naka kai da ɗanka, ka riƙa kullewa. Ita ta koma ɗakin ajiya. In lokacin nono ya yi ta yi wanka ta zo ta ba shi, ta fita."

"To, Baba," in ji Mourtala.

To, Baba! Ko ɗar bai ji ba. Zoulaïha ta ji ɗan numfashin nan a ƙirjinta, ta juya wurin surukarta.

"Inna?"

Hajiya ta motsa baki. "Alhaji, da dai an bar shi a ɗakina…"

"Ke da hawan jininki? Ubanshi na raye."

Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Zoulaïha ta jira. Ta ba ta lokaci, wallahi ta ba ta. Tsohuwar ba ta ƙara ko a ba.

Sai Zoulaïha ta tallafe yaron da hannu ɗaya, ta durƙusa a gaban mijinta kamar mai neman gafara, ta ɗaga ƙafar wandonsa ta hagu, ta zaro kwalin sigari da ashana daga cikin safa. Ta miƙe ta ajiye su a cinyar Alhaji.

"Baba, ga mai gadina."

Mata masu jiran awo suka miƙa wuya. Mourtala ya daskare, gumi na tsattsafo masa. Alhaji Yaou ya dubi kwalin, ya daɗe yana dubansa. Bai yi mamaki ba. Zoulaïha ta zuba wa fuskarsa ido tana neman mamakin, ko ƙwaya ɗaya, ba ta samu ba. A nan ta gane ashe Alhaji ma yana da hanci, kuma ya daɗe da shi.

Ya ɗago kai ya dubi matan da ke kallo, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah shi yi maka albarka, Mourtala. Har asibiti kana ƙwace mata kana ɓoyewa a jikinka. Samun ɗa irinka sai an tona." Ya sa kwalin a aljihu. "Ku tashi mu tafi gida."

Zoulaïha ta ƙara ɗaure zanin da ke riƙe da ɗanta. Ta ce, "Madam, gadon nan nawa ba a ba kowa ba ko? Ara mini wayarki in kira uwata."

"Ɗiyata, kula da kyau," in ji Alhaji, murya ta canja. "In ba ki shiga motar nan ba, kin fita gidana ke nan. Kuma kin san abin da gari zai ce."

"Baba, ku gaya wa gari abin da kuka ga dama. Ku ce har wiwi nake sha. Ni babba ce, kun ɗora mini na ɗauka." Ta dafa bayan yaron. "Shi wannan ƙirjinsa bai kai tafin hannu ba. Ba zai iya ɗaukar muku ba."

Ta juya ta koma ciki. Madam Saratou ta bi ta, ta rufe ƙofa.

Abdoulaziz yana Djougou yanzu wurin kakarsa, ya shekara ɗaya da wata biyu. Bai fara tafiya ba, kuma ko yayyafi aka yi sai an kwana biyu ana jin fiton nan a ƙirjinsa, uwarsa na zaune da shi a cinya tana ƙirga numfashi. Takardar sakinta ta iso tun kafin ta yi arba'in, da dalili a rubuce.

A Titirou kuwa wari bai tafi ba. An ce a bango ta bar shi. An yi fenti sau biyu, an canja katifa, an kira malamai sun yi tofi, amma kullum da midi sai ya dawo sabo. Abin ya fara isar Alhaji, don mutane sun soma ƙirga watanni. Shi ya sa ake nema wa Mourtala mata cikin gaggawa. Hajiya ta ce ba ruwanta da kyau, ba ruwanta da dangi, sharaɗinta ɗaya ne: a samo mai haƙuri.